Haƙorin Ummi Kafin Motar Kaya Ta Zo

Daga Gude, ƙasar Kabo.

Zuwa ga Yayar su Nura,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kun koma Gwarzo lafiya, kin sami maigidanki da surukarki Hajiya da sauran mutanen gidan lafiya. Yaya gajiyar hanya, yaya haɗa kaya, yaya kuma jikin takwarata Ummi? Allah Ya ƙara sauƙi. Babanku yana gaishe ku, ƙaninki Nura ma haka. Allah Ya sa tashin nan da za ku yi zuwa Kontagora ya zama alheri, Ya tsare muku hanya, Ya haɗa ku da maƙwabta nagari.

Kin san ni ba ma'abociyar rubutu ba ce, rabona da biro tun muna Islamiyyar matan aure. Amma tun jiya da kika zo yi mana bankwana kuka juya, na kasa zaune na kasa tsaye. Na shanya masara na manta da ita, awaki suka yi bikinsu a kai. Na zuba gishiri a miya na sake zubawa, babanku ya ci bai ce komai ba, sai tulu da ya sha wahala. Na ɗauki waya na ajiye, na sake ɗauka na sake ajiyewa. Abin da ke bakina ba zai fito ba in ina jin muryarki a ɗaya gefen. Ke ce 'yar farina, kin kuwa san yadda muke a nan: ban taɓa kiran sunanki ba, ban taɓa zama na yi doguwar hira da ke a gaban mutane ba. To takarda ba ta da ido. Zan sa ta cikin ƙullin kuka da daddawar da babanku zai kawo miki gobe, ki karanta ke kaɗai.

Maganar haƙorin Ummi ce. Jiya na yi mata ɗanwake, abin da in ta gani har rawa take yi, sai na ga tana tura shi gefe ɗaya na baki tana yamutsa fuska. Na lallaɓa ta ta buɗe, na ga rami baƙi a haƙorin ciki na ƙasa. Da na tambaye ki, kika ce, "Babanta ya ce ranar Alhamis zai kai ta wurin likitan haƙori a cikin gari, a cire a huta, kafin motar kaya ta zo ranar Asabar."

Na ce, "Ke fa?"

Kika ce, "Ni ina gida, Inna, kaya sun yi yawa. Kuma yaya zan bi su a kan 'yar fari, ga su Hajiya suna kallo?"

Sai na shiga ɗaki kamar zan ɗauko wani abu. Muryata na ji a bakinki.

Ga abin da nake roƙo, tun kafin na yi nisa ki rasa inda na dosa. Kada a kai yarinyar nan a cire mata haƙori don kawai ana sauri. A kai ta Kano wurin likitan haƙoran yara, wanda aikinsa ke nan, ya duba ya faɗi abin da ya dace. Kuma ki je da ƙafarki. Zan gaya miki dalili, duk da rabinsa kin sani, don a bakinki aka yi.

Kina kamar shekarun Ummi haƙorinki ya fara ciwo, shi ma na ciki, shi ma na ƙasa. Abin da na fara yi shi ne na tura miki kanumfari a ramin na ce ki yi shiru. Da abin ya ƙi, kakarki Iya, Allah Ya jiƙanta, ta ce tsutsa ce, muka ɗauke ki zuwa kasuwa wurin mai cire tsutsar haƙori. Yana da kasko da garwashi da mazurari. Ya barbaɗa ƙwayoyin wani tsiro a wuta, ya kifa mazurarin, ya sa miki bakinsa a baki, hayaƙi ya cika miki maƙogwaro kina tari hawaye na zuba. Sai ya nuna mana wasu 'yan farare-farare a kwanon ruwa ya ce, "Ga su nan, Hajiya, duk sun fito." Muka yi ta godiya kamar ya ciro ki daga rijiya. Ciwon ya lafa kwana kaɗan, sannan ya dawo da kumburi, kuncinki ya yi suntum har ido ya ƙanƙance. Lokacin da muka ɓata a kan hayaƙin nan, da a ce wurin masani muka nufa tun farko, wataƙila da ciko kawai za a yi. Saboda haka in wata tsohuwa a Kontagora ta ce miki ta san mai cire tsutsa, ki gaishe ta da ladabi, ki yi mata godiya, ki riƙe 'yarki. Kanumfari kuma na yaji ne da kunu, yana kashe zafi na ɗan lokaci amma ramin yana nan yana ci.

Da kumburin ya sauka aka ce a kai ki Gwarzo wurin likitan haƙori. Da safe na yi miki wanka, na sa miki atamfarki ta sallah, na ce za mu je sayen takalmi. Ki ga wauta. Kika yi ta tsalle a tsakar gida kina gaya wa kaji za a sayo miki takalmi mai ƙwas-ƙwas. A mota kina ta nuna mana rake a gonaki, kina tambayar Iya ko ja za a saya ko fari. Da muka shiga wurin kika ji warin magani, sai kika daina magana, kika ɗago kika dube ni. Bayan wannan ranar na daɗe in na ce miki zo mu je wuri kaza, sai kin je kin tambayi babanku ko gaskiya ne. Kada ki yi wa Ummi haka. Ki gaya mata za a je wurin mai duba haƙori, zai kalli bakinta, kuma kina nan tare da ita. Haka nan ki daina abin nan da na ji kina yi jiya da ta hau turmi, kina cewa in ba ta sauko ba za ki kira likita ya yi mata allura. Ni na koya miki, na sani. Amma yarinyar da kullum ake tsorata ta da likita, ranar da ta ga likita da idonta me kike so ta yi?

Bari na tashi na kori awakin nan, sun dawo.

To, na dawo. Likitan da muka samu ba mugu ba ne, kada ki ce na ce. Likitan manya ne, kuma ranar layi ya cika da magidanta, kowa ya dafe kunci yana nishi. Ya saba da mutumin da zai zauna da kansa, ya buɗe baki, ya daure, ya tofar, ya tashi ya ba na baya wuri. Kujerar ma ta manya ce, da aka ɗora ki sai kika zama kamar 'yar tsana a kan gado. Bai tambayi sunanki ba, Iya ya tambaya me ke damun yarinyar. Ya leƙa da ƙyar ya ce, "Na nono ne, a cire kawai, wani zai fito." Kika ga allura a hannunsa, kika datse baki, kika ƙanƙame hannun kujera. Ya jira kaɗan, ya dubi ƙofa, ya ce, "Hajiya, ku taimaka ku buɗe mata baki, akwai mutane a waje."

Iya ta danne miki ƙafafu, ma'aikaciyar wurin ta riƙe hannuwa. Saura baki. Ni kuwa abin da hannuna ya sani shi ne ɗura, yadda muke toshe wa jariri hanci don ya buɗe baki a zuba masa kunu. Na matso na toshe miki hanci. Kika yi ta riƙe numfashi har fuskarki ta canza, sannan kika buɗe baki don ki shaƙi iska, shi kuwa ya shiga da abin aikinsa. Duk lokacin nan idonki yana kaina. Ni kuma na kafa nawa idon a kan bango, don kada Iya ta ga ina tausayin 'yar fari.

Ki saurare ni da kyau a nan. Duk wurin da aka ce miki ki danne yarinya a buɗe mata baki da ƙarfi, alhali ba rai ne ke hannun Allah ba, ki ɗauki 'yarki ki ce za ku dawo. Haƙori yana iya jiran gobe. Ni ban san ana iya cewa haka ba. Na ɗauka in mai farar riga ya yi magana, sai dai a ce to.

Da aka gama, aka sake ki, auduga a baki, jini a gaban atamfa. Kika sauko daga kujera kina tangaɗi. Ina tsaye kusa da ke, hannuna har ƙaiƙayi yake yi, amma Iya tana nan, ga maza a zaune a benci, sai na gyara mayafi na yi kamar ina neman takalmina. Wata mata a layi, ba mu san ta ba, ita ma kuncinta a kumbure, ta miƙo hannu ta ɗauke ki ta rungume tana jijjiga ki. Ta dubi jama'a ta ce, "Wai ina uwar yarinyar nan?"

Na ci gaba da neman takalmina. Iya ce ta amsa, don ta rufa mini kunya yadda aka saba. Ta ce, "Tana gida."

Kina jin ta. Kika kwantar da kai a kafaɗar matar nan, ba ki ƙara dubana ba har muka iso Gude.

Sauran kin san shi. Aka ce kada ki bari ƙadangare ya ga giɓin, in ya gani haƙori ba zai fito ba, kika yi ta yawo da hannu a baki. Shekaru suka wuce wurin yana nan fayau, na kusa da shi suka karkato suka cinye filin. Da sabon ya tashi fitowa bai sami wuri ba, ya ɓullo ta gefen dasashi, ya ture na gabansa, suka hau juna. Ba ƙadangare ba ne, mu ne. Hannun da kika ɗora a baki saboda ƙadangare kuwa har yau bai sauka ba. Ranar bikinki ina kallonki daga ƙofar ɗaki, ƙawayenki suna ba ki dariya, ke kuwa sai ki ja gefen mayafi ki rufe. Mutane suna cewa amarya akwai kunya. Ni na san abin da ake rufewa.

Ban gane girman abin ba sai a kan Nura. Kin tuna lokacin da ya faɗo daga bishiyar mangwaron bayan gida ya fasa baki, haƙorin ciki ya tsage? Lokacin kin zama budurwa, Iya kuma ta rasu. A asibiti aka ce mu wuce Kano, akwai masu duba haƙoran yara. Babanku yana da karatu da ɗalibai, sai muka tafi ni da ke da shi. Likitar mace ce. Da muka shiga ba ta ko kalle ni ba, ta durƙusa daidai tsayin Nura ta ce, "Malam, kai ne ka yi dambe da mangwaro? Wa ya yi nasara?" Yaron da ya yi ta ihu tun daga tasha sai ga shi yana ƙunshe dariya. Ta ba shi ɗan madubin nan mai sanda ya riƙe, ta ce ya ƙirga mata nata haƙoran tukuna. Ta kunna abin da ke fesa iska ta fesa masa a tafin hannu, ta ce in ya ji zafi ya ɗaga yatsa za ta tsaya. Ya ɗaga don ya gwada ta, ta kuwa tsaya. Ranar farko ba ta yi komai ba sai dubawa da wankewa, ta ce mu dawo.

Na ce mata, "Likita, ba na nono ba ne? A cire mana mu huta da zirga-zirga."

Ta ce, "Mama, na nonon shi ke riƙe wa wanda zai fito a ƙarƙashinsa wurinsa. In aka cire shi tun lokacinsa bai yi ba, maƙwabtansa sai su matso. In ya zama dole a cire, akwai abin da muke sawa ya tsare wurin."

Nan take na tuna gambar da babanku ke dasawa a iyakar gona. In ka tuge ta, ba a shekara biyu sai kunyar maƙwabci ta shigo maka. Na juya na dube ki kina tsaye a bakin ƙofa, na ga kina taɓa gefen kuncinki da yatsa.

Da muka koma za a yi cikon, likitar ta ce, "Mama, ki hau kujerar ki ɗora shi a cinya, ya fi samun natsuwa." Na hau ba tare da wani tunani ba, ai auta ne, wa zai ce mini wani abu? Na rungume shi, ina shafa masa kai, ina ce masa saura kaɗan. Aka gama bai zubar da hawaye ko ɗaya ba, har yana tambaya ko za a bar masa madubin. A mota muna dawowa, mun wuce Rimin Gado, Nura ya yi barci a jikina, kika yi magana kina kallon taga. Kika ce, "Inna, ashe ana rungumar yaro a wurin?"

Na ce ki gyara ɗankwalinki, ya zame. Abin da na iya cewa ke nan. Yau shekara nawa, tambayar nan tana nan inda kika ajiye ta.

Na san abin da maigidanki zai ce. Zai ce Kano da nisa, ga cunkoso, ga layi, ga mai mota an riga an yi magana da shi. Mutumin kirki ne, sauri ne kawai ya yi masa yawa, tun yana zuwa zance a tsaye yake shan ruwa. Kada ki yi masa gardama a gaban mahaifiyarsa. Ki bari ya ci abinci, sannan ki ce masa ga abin da Inna ta roƙa. In ya ce ai likita likita ne, ki tambaye shi ko wanda ke gyara masa babur shi yake kai wa agogonsa. Na gaya wa babanku ma, ya ce zai yi masa magana gobe in ya kawo kukar, kin san shi ba ya ƙin maganar Malam. Katifa da tukwane ba sa ciwo, za su iya jira ko su riga ku tafiya. In ma likitar ta ce sai an dawo, a bar ku ke da Ummi a nan Gude ku ƙarasa, daga baya ku bi shi. Ɗakinki yana nan, buhunan gero ne kawai a ciki, yau zan sa a kwashe.

In kun je, ki buɗe ido. Sunan likitan yara a jikin allo bai isa ba. Ki duba wa ya fara yi wa magana, ke ko ita. Ki duba ko ya nuna mata abin da zai sa mata a baki kafin ya sa. Ki tambaya ko za a iya ceton haƙorin, in kuma ba za a iya ba, me za a yi wa wurin. Kada ki ji nauyin tambaya, bakinki ba zai tsufa ba. Can Kontagora ma, kafin wani ciwo ya taso, ki yi cigiya tun da wuri ko akwai mai duba na yara a kusa, ko sai an yi tafiya. Likitan manya ki bar wa manya. Ke ma ya kamata ki gan shi, don na ji ƙamshin kanumfari a bakinki jiya da kika sunkuyo gaishe ni, kuma ban ga kin sha kunu ba.

Nawa laifin na yanzu ma ba zan ɓoye ba, tun da Ummi za ta tona ni. Mazarƙwailar da take dawowa da ita a aljihu duk zuwanku, ni ce. Alawar madara ma ni ce. In ta langaɓar da kai ta ce "Takwara, ɗan kaɗan," sai na rasa inda wayona ya tafi. Na tuba. Ki riƙa goge mata baki da kanki safe da dare, kada ki miƙa mata buroshi ki juya, tsotse man kawai take yi, na gan ta.

Saura magana ɗaya, ita ce ta hana ni zama tun jiya. Kunyar ɗan fari tarbiyya ce, ban ce ki zubar da ita ba. A tsakar gida, a gaban Hajiya, ki yi yadda aka saba, kada a ce 'yar Malam ba ta da ta ido. Amma ɗakin likita ba tsakar gida ba ne. Yarinya ba ta san al'ada ba, abin da ta sani shi ne ta ji tsoro ta duba wa ke kusa. In kika ce wa Hajiya likitan yara ne ke son uwa ta zo, ba ƙarya kika yi ba, kuma ita ma uwa ce, wa ya sani ko tana da nata abin da ta haɗiye. In kin ga ba za ki iya shiga ke kaɗai ba saboda warin wurin, na san dalili, ki aiko, zan sa mayafi na tare ku a tasha. Zan zauna a waje a kan benci. Ciki naki ne.

Ki hau kujerar, ki ɗora ta a cinya, ki riƙe ta yadda za ta ji bugun ƙirjinki a bayanta. Kada ki kalli bango. In wani ya ɗaga murya ya ce ina uwar yarinyar nan, kada ki jira kowa ya amsa miki.

Allah Ya ba Ummi lafiya, Ya fito mata da haƙoranta a jere, ta yi dariya ba hannu a baki. Allah Ya kai ku lafiya, Ya sa ku sauka a sa'a, Ya tsare ku daga sharrin hanya da na mutane, Ya yi wa aurenku albarka. Ki gaishe da maigidanki da Hajiya da kyau.

Ranar nan a Gwarzo ba a gida nake ba. Ina nan tsaye, Sa'adatu.

Wassalam, ni ce,
Innarki.